Babi na Huɗu: Wa Ke Zaɓe, Wa Ke Roƙo?

Me ya sa a cikin dabbobi namiji ne ke ado? Ko yaro, in ya tsaya ya dubi tsakar gidansu da kyau, zai iya yin wannan tambaya. Zakara ne mai jan zanko da bindi mai sheƙi, kaza tana gefe da launinta na ƙasa. Jangwada ne ke hawa katanga yana gyaɗa jan kansa, macen kuwa sai ta motsa ka san tana wurin. Dawisun da sarakuna da masu hali ke ajiyewa, namijin ne ke baza bindi. Akwai ma wani yautai a dazuzzukanmu wanda in ya tashi da magariba sai ka ɗauka ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa a baya, alhali gashin fiffikensa ne guda biyu dogaye, da ke tsiro wa namiji kaɗai a lokacin neman mace, su zube in lokacin ya wuce.

Waɗannan su ne muke gani kullum har muka daina mamakinsu. A wasu ƙasashe, da can ƙarƙashin teku, akwai namijin da ke gini, akwai mai kai kyauta, akwai mai miƙa jikinsa a cinye, akwai wanda ke maƙale wa mace har ya zama tsokar jikinta. In aka jero su haka sai ka ce shaci-faɗi ne, kowanne da inda ya dosa. Amma tushensu ɗaya ne, kuma shi za mu tono a wannan babi.

Wa ya fi ɗaukar nauyi?

Mu fara da abin da kowane makiyayi ya sani. Bunsuru ɗaya ya ishi garken awaki. Akuya in ta ɗauki ciki sai ta yi wata biyar, daga nan ta shiga shayarwa. Saniya wata tara take yi, taguwa shekara guda da 'yan kai, giwa kuwa wata 22. Duk tsawon wannan lokaci, ko maza ɗari ne suka biyo ta ba za su ƙara mata ɗa ko ɗaya ba. Shi kuwa namiji, aikinsa na ɗan lokaci ne, ya kama gabansa.

A 1972 wani masanin halittu ɗan Amurka, Robert Trivers, ya tsara wannan magana a rubuce: tsakanin mace da namiji, wanda ya fi kashe ƙarfinsa a kan 'ya'ya shi ne zai tsaya ya zaɓa da natsuwa, domin in ya yi zaɓen tumun dare asararsa babba ce. Ɗayan kuma ba abin da ya rage masa sai takara. A yawancin dabbobi mace ce ke ɗauke da nauyin, don haka ita ke zaɓe, maza na roƙo.

Takarar iri biyu ce. Akwai ta ƙarfi, irin karon raguna. Akwai ta neman yarda, ita ce ta fi ban mamaki. Kafin duka biyun kuma sai namiji ya san ko lokaci ya yi. Shi ya sa bunsuru ke shinshinar fitsarin akuya, ya ɗaga kai sama ya naɗe leɓe: akwai wata kafa a dasashinsa da ke kai warin zuwa inda ake tantance ko macen ta shirya. Raƙumin dawa, irin waɗanda suka rage a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, haka yake yi. Yakan zunguri macen har ta yi fitsari, ya tara harshe ya ɗanɗana, domin cikinta na wata 15 ne, kuma kwanakin da take karɓar namiji ba su da yawa. Amale kuwa in sha'awarsa ta motsa, sai ya hura wata jar tsoka daga ganɗarsa ta fito ta gefen baki, yana kumfa yana gurnani. Wanda bai sani ba sai ya ce harshensa ne ya kumbura.

Bindin da aka ƙara wa tsawo

Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya daɗe yana fama da batun adon maza. A wata wasiƙa da ya aika wa abokinsa Asa Gray a 1860 ya koka cewa ganin gashin bindin dawisu kaɗai na tayar masa da hankali. Dalilinsa a fili yake. Ga alama bindin kaya ne mai nauyi da zai rage saurin tashi, ya tona asirin mai shi ga damisa. Me zai sa halitta ta riƙa yawo da abin da ke jawo mata ajali? A 1871 ya ba da amsa: mata ne ke zaɓar masu adon. Da yawa daga malaman zamaninsa ba su yarda cewa macen tsuntsu na da ra'ayi a kan kyau ba.

Sai da aka haura shekara ɗari kafin a sami wanda ya gwada abin a fili yadda babu gardama. Malte Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya je tsaunin Kinangop a Kenya, inda ake da wani baƙin tsuntsu ɗan ƙarami mai jan kafaɗa, wanda bindin namijinsa ke kai rabin mita. Ya kama maza 36 ya raba su gida huɗu. Na farko ya datse musu bindi, ya rage kimanin santimita 14. Abin da ya datse sai ya liƙa wa na biyu da gam, nasu ya kai kimanin santimita 75. Na uku ya yanke ya mayar yadda yake, don kada a ce almakashi ko gam ne ya kawo bambanci. Na huɗu bai taɓa su ba. Daga nan ya koma yana ƙirga sababbin sheƙunan da mata suka yi a filin kowane namiji. Waɗanda aka ƙara wa tsawo su suka kwashe mata, waɗanda aka datse wa suka zo a baya. An buga sakamakon a 1982.

To, mece ce ribar macen? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Duk matar da ke kiwon kaji tana gane zakara marar lafiya daga zankonsa, domin yakan koɗe ya langaɓe. Masu bincike sun tabbatar da haka a kan kajin daji na Asiya, kakannin kajinmu na gida: zakarun da tsutsar ciki ta kama zankonsu ba ya girma sosai, kuma kaji na kauce musu. Ado mai tsada shaida ce da ke da wuyar ƙirƙira, sai mai lafiya ke iya ɗaukarsa. Akwai kuma riba ta biyu. In 'ya'yanta maza suka gaji adon ubansu, su ma mata za su bi su, zuriyarta ta yaɗu.

Masu gini

Wasu mazan ba a jikinsu kaɗai suke nuna isa ba, sai sun haɗa da aikin hannu. Ba sai mun yi nisa ba, ga marai nan a kan bishiyoyin bakin rafi da na tsakar gari da damina. Namiji ne ke saƙar sheƙa. Yakan tsago ganyen ciyawa ko na kaba siri-siri, kimanin guda 300, ya yi kusan yini guda yana ɗauri da saƙa da baki da ƙafa. In ya gama sai ya rataye a ƙasan ƙofar, kai ƙasa, yana kaɗa fikafikai yana kuka. Mace ta zo ta shiga, ta ja nan ta ja can. In aikin ya yi mata, sai ta fara kawo laushin ciyawa tana shimfiɗa ciki, alamar ta karɓa ke nan. Ta fi son ɗanyar sheƙa mai kore. Wadda ta bushe ba a shige ta ba, shi da kansa yake warware ta ya soma sabuwa. Busassun tarkacen da kake gani a ƙarƙashin bishiyar marai, yawancinsu gidajen da aka ƙi ne.

Ita sheƙar marai aƙalla za a yi ƙwai a cikinta. A Ostireliya da tsibirin Niyu Gini akwai dangin tsuntsaye masu gina rumfar da ba a kwana a ciki, ba a ƙwai a ciki. Kallo kawai ake yi. Wani daga cikinsu, mai baƙin gashi da ke ƙyallin shuɗi, yakan kafa bango biyu na tsinkaye da hanya a tsakani, sannan ya shiga tara duk abin da yake shuɗi ya baje a ƙofa: fure, gashin aku, 'ya'yan itace, a kusa da gari kuma murfin kwalba da murfin biro. Maƙwabta na satar kayan juna, wani in ya faki ido ma rushe rumfar ɗan'uwansa yake yi. Namiji yakan kai shekara bakwai kafin gashinsa ya rikiɗe ya zama na manya, kuma a cikin waɗannan shekaru yana zuwa kallon na gaba da shi yana koyon gini. Mace takan zaga rumfuna da dama kafin ta tsai da ɗaya. Da an sadu sai ta tafi ta yi tata sheƙar a wani wuri, ta yi raino ita kaɗai.

Wani ɗan'uwansa babba ya wuce nan. A 2010 John Endler da abokan aikinsa suka lura cewa yana jera duwatsu da ƙasusuwa da ɓawon katantanwa bisa tsari, ƙanana kusa da ƙofa, manya can nesa. Ga macen da ke tsaye cikin rumfar, wannan jeri na sa farfajiyar ta yi kama da ba ta da zurfi, ya canja yadda take ganin abin da namijin ke nuna mata. Masu binciken suka juya jerin, manya gaba ƙanana baya. Cikin kwana uku tsuntsayen suka mayar da tsarinsu.

Amma ni wanda ya fi taɓa mini zuciya kifi ne. A 1995 masu nutso a kusa da tsibirin Amami Oshima na ƙasar Japan suka fara cin karo da wasu da'irori a kan yashin ƙasan teku, faɗinsu kusan mita biyu, da kunyoyi da kwaruruka da ke fitowa daga tsakiya daidai wa daida. Shekaru suka shuɗe ba a san mai yin su ba, sai a 2011 aka gan shi yana aiki. Ɗan ƙaramin kifi ne dangin talibamban, bai fi tsawon tafin hannu ba. Da ciki da ƙananan fikafikansa yake share yashin, ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, kwana bakwai zuwa tara, igiyar ruwa na ɓata masa yana gyarawa. Yakan ɗauko gutsattsarin ɓawon katantanwa ya ɗora a kan kunyoyin. Kwarurukan nan kuma suna da aiki, domin suna rage ƙarfin ruwa, suna tara lallausan yashi a tsakiya, inda mace za ta zuba ƙwai in wurin ya yi mata. Shi zai tsaya gadi har su ƙyanƙyashe. Daga nan ya bar da'irar ruwa ya shafe ta, ya je ya fara wata. Tun kafin a haifi kakannin masu nutson nan yake wannan aiki a inda babu idon mutum, kuma sai a 2014 masana suka raɗa masa suna.

Toshi

Abin da samari ke kira toshi, dabbobi ma sun san shi. Ka lura da zakara in ya sami tsaba: ya ɗauka ya yar, ya ɗauka ya yar, yana wani kira gajere-gajere, sai kaza ta sheƙo ya bar mata. Masu bincike sun gano ya fi yin kiran in akwai kaza kusa, kuma wani lokacin ba komai a gabansa sai tsinke.

A Turai akwai wani gizo-gizo da namijinsa ba ya zuwa gun mace hannu rabbana. Yakan kama ƙuda ya naɗe shi cikin farar saƙarsa ya miƙa mata, tana ci yana barbara. Gwargwadon daɗewarta tana ci, gwargwadon yawan ƙwan da za su zama nasa. Wasu mazan kan tsotse ƙudan tukuna su naɗe ɓawon, ko su naɗe ɗan guntun ciyawa. Takan karɓa, amma da ta warware ta ga ba komai sai ta katse zancen. In kuma ta nemi fizge kyautar ta gudu, sai ya sandare kamar matacce, yana riƙe da ƙunshin tana jan sa, har ta zauna ci, ya farfaɗo. Kakanninmu da suka ba Gizo sarautar wayo a tatsuniya ba su san wannan na Turai ba, amma sun san danginsa.

Toshin da ya fi kowanne nauyi a ganina shi ne na cilakowa. Kafin komai namiji yakan yi kwanaki yana kawo wa mace fara da ƙwari yana sa mata a baki. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma macen na da dalilin sa ido sosai. In ta yarda da shi, sai ta shiga kogon bishiya, a toshe ƙofar da laka da kashinta da ragowar abinci, a bar 'yar tsaga da baki kawai ke iya shiga. A ciki take ƙwai, a ciki take zubar da gashin fikafikanta da na bindi, ta zama ba ta iya tashi. Makonni tana kulle, duk abin da za ta ci, ita da 'yan tsakinta, ta wannan tsaga yake shigowa daga bakin mijin. Maciji da biri ba su da hanya, wannan ita ce ribar. Amma in yaro ya harbe namijin da danƙo a wannan lokaci, ba tsuntsu ɗaya ya kashe ba. Ya kamata iyaye su gaya wa yaransu haka.

Inda ake biya da rai

A tatsuniya Ƙoƙi ce matar Gizo. A daji kuwa ƙoƙi-ƙoƙi ta yi suna da cinye mijinta, wani lokacin tun ana cikin barbara, ta fara daga kai. Jikin namijin yakan ci gaba da aikinsa ko babu kan, saboda jijiyoyin da ke tafiyar da wannan aiki a cikinsa suke. Sai dai an zuzuta labarin. A nau'o'in da aka bibiya a daji, bai kai kashi ɗaya cikin uku na haɗuwa ba ke ƙarewa da haka, kuma macen da ke jin yunwa ita ta fi yi. Namijin ba ya so. Lallaɓowa yake daga baya, in ta waiwayo ya daskare, in ya gama ya yi tsalle ya tsere. Wani bincike na 2016 ya nuna cewa macen da ta ci namiji ta fi yin ƙwai da yawa, kuma abin gina jikin da ke jikinsa na shiga cikin ƙwan.

Ba na jin daɗin yadda wasu ke ɗaukar wannan labari su mai da shi habaici ga mata. Ƙwaro ba shi da mugunta, ba shi da cin amana. Uwa ce mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwai da yunwa, ga kuma abinci ya kawo kansa.

Wanda ke miƙa kansa da gangan shi ne wani gizo-gizo na Ostireliya wanda macensa ke da jan zane a baya. Namijin bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na nauyinta ba. Ana cikin barbara sai ya wuntsila ya ɗora cikinsa a kan bakinta. Maydianne Andrade, masaniya daga Kanada, ta nuna a 1996 cewa mazan da aka cinye sun fi daɗewa suna barbara, sun fi samun ƙwai, kuma macen ta fi ƙin karɓar wani bayansu. Daga baya ta gano abin da ya bayyana sauran: fiye da takwas cikin goma na mazan na mutuwa a hanya ba su taɓa isa gidan mace ba. Wanda ya isa sau ɗaya, da wuya ya isa na biyu. Babu goben da zai yi wa tanadi.

A Ostireliyar dai akwai wata 'yar dabba mai kama da ɓera, antekinus, mai renon 'ya'ya a aljihun ciki. Sau ɗaya a shekara, cikin mako biyu zuwa uku, mazan ke barin ci da barci su shiga neman mata, barbara ɗaya na iya kai awa 14. Sinadarin tashin hankali ya cika musu jini, garkuwar jiki ta rushe, gashi ya zube. Kafin a haifi 'ya'yan babu namiji ko ɗaya da ya rage, kuma babu wanda ya cika shekara. Namijin ƙudan zuma ma da ya sadu da sarauniya a sararin sama nan take yake faɗowa matacce. Ita kuwa ta adana abin da ta karɓa daga maza goma ko fiye, ta yi ta amfani da shi har ƙarshen rayuwarta a cikin amya.

Can inda rana ba ta kaiwa

A 1922 wani masanin kifi ɗan ƙasar Aisilan, Bjarni Saemundsson, ya sami wata babbar kifanya daga zurfin teku, irin masu ɗauke da 'yar fitila a goshi don yaudarar abinci. A fatar cikinta ƙananan kifaye biyu ne maƙale ta baki. Ya zaci 'ya'yanta ne. Sai Charles Tate Regan na gidan tarihin halittu na Landan ya feɗe irinsu, ya sanar a 1925 cewa mazajenta ne.

A wannan duhu da faɗi, samun juna shi ne babbar wahala. Namijin ɗan ƙarami ne, mai manyan idanu ko manyan kafofin hanci, ba ya ma iya ciyar da kansa sosai. Aikinsa ɗaya, ya nemo mace. In ya same ta sai ya cije ta, ba zai sake saki ba. Leɓunansa su narke cikin fatarta, jijiyoyin jininsu su haɗu, idanunsa su mutu, daga jininta yake ci. Abin da ke saura mai aiki a jikinsa shi ne abin haihuwa. An taɓa ganin mace ɗaya da maza takwas. Ba duk danginsu ke haka ba, wasu kan maƙale na ɗan lokaci su rabu.

Likitoci sun san yadda jikin mutum ke ƙin ƙodar da aka dasa masa in ba a ba shi magani ba. To yaya jikin kifanyar ke karɓar baƙon nama? Wani bincike da aka buga a 2020 ya gano cewa nau'o'in da ke haɗewa har abada sun rasa wasu muhimman sassan garkuwar jiki, waɗanda ke gane baƙo su yaƙe shi.

In nauyi ya koma kan namiji

Hanyar gwada maganar da muka fara da ita ita ce a nemo dabbar da namiji ne ke wahalar raino, a ga wa ke neman wa. Muna da ita a gida. A fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Cadi akwai wani tsuntsu mai jan-ƙasan jiki da shuɗin goshi, da yatsu dogaye ƙwarai, wanda ke tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tudu. Macen ta fi namijin girma nesa. Ita ke kama yanki, ita ke faɗa da 'yan'uwanta mata, kuma takan tara maza biyu, uku ko fiye. Ta zuba wa wannan ƙwai huɗu ta wuce gun wancan. Namiji ne ke kwanci, shi ke raino. In ya hango haɗari sai ya tattara 'yan tsakin a ƙarƙashin fikafikansa ya miƙe da su, ba ka ganin komai nasu sai ƙafafu suna reto. A nan lokacin namiji ne ya yi tsada, sai mata suka koma takara a kansa. Kada da ambaliya na cinye ƙwai da yawa a fadama, don haka macen da ta huta da kwanci ta fi saurin zuba wasu.

Dokin teku, ɗan kifin nan mai kai irin na doki da ke iyo a tsaye, ya kai abin ƙarshe, domin namijin ne ke ɗaukar ciki. Mace na zuba ƙwanta a wani aljihu da ke cikinsa, ya rufe, ya ciyar da su na 'yan makonni, sannan ya yi naƙuda ya fesar da 'ya'ya, daga gommai har sama da dubu. Da lissafinmu sai a ce mata ne za su yi faɗa a kansa, kamar yadda ake gani a wasu danginsa dogaye masu kama da tsinke, inda mace ce mai ado. Amma a dokin teku maza sun fi zafin nema. Dalili shi ne yawancinsu mace ɗaya namiji ɗaya suke zama, kuma haɗa sababbin ƙwai na cin ƙarfin macen ƙwarai. Ashe ba wanda ya ɗauki ciki kaɗai ake dubawa ba, sai an auna duk abin da kowa ya kashe. Kowace safiya ma'auratan kan haɗu, su canja launi, su sarƙe wutsiya su yi 'yar rawa, sannan kowa ya tafi kiwo.

Rawar biyu

Saura inda nauyin ya rabu daidai. Dubi gauraka. Da wuya ka bambance mace da namiji, kowanne da rawanin zinariyarsa, domin tare suke kwanci tare suke raino, kuma kowa na zaɓen kowa. Rawarsu ta biyu ce: su rusuna, su buɗe fikafikai, su daka tsalle, su yi kira tare. Dattawa sun san lokacin da ake ganinsu garke-garke a fadamun arewa. Yau sun yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, saboda kama su da ake yi ana sayarwa da kuma ƙafewar fadamu, wadda a kwarin Haɗeja ta tsananta bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Yaro da yawa zai girma bai taɓa ganin wannan rawa ba, kuma wannan rashi ne na gaske.

Manyan tsuntsayen teku da ake kira albatiros sukan yi shekaru suna koyon rawa tun suna samari kafin su tsai da abokin zama, wanda galibi sai mutuwa ke raba su. Ƙwai ɗaya suke yi, kuma ɗaya daga iyaye ba zai iya renonsa shi kaɗai ba. Wata daga cikinsu da aka sa wa zobe a ƙafa a tsibirin Midway a 1956 ta sake yin ƙwai a ƙarshen 2024, tana da aƙalla shekara 74.

Ko shingen da ke cika mana fitila bayan ruwan farko neman aure ne ya fito da su. In ka duba ƙasa bayan sun zubar da fikafikai za ka ga suna tafiya bibbiyu, mace gaba namiji na bin ta dab da dab. Wuri suke nema su haƙa. Kaɗan ne ke tsira daga kwaɗi da kaji da masu suya, amma waɗanda suka tsira su ne ke kafa suri. Macen ta kumbura ta kai tsawon yatsa ko fiye, tana zuba dubban ƙwai a rana, namijin kuma yana gefenta a ɗaki ɗaya shekara da shekaru.

Duk wannan rawa da gini da kyauta share fage ne, wahalar na gaba. Babi na biyar zai bi ƙwai da jarirai bayan an rabu: karfasar da ke ɓoye 'ya'yanta a baki ta haƙura da ci, kadar da ke kwasar nata da haƙoran da take karya ƙashi da su, da tsuntsuwar da ba ta raino sam, sai dai ta faki idon marai ta zuba masa ƙwai a sheƙa.